Jagorar Isa Tsibiran Maldibs da Zirga-zirga a Cikinsu

Maldibs ƙasa ce da ruwa ya fi ƙasarta yawa nesa ba kusa ba. Tsibirai kusan 1,190 ne a warwatse cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, a jere daga arewa zuwa kudu tsawon sama da kilomita 800. Waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. An kasa su cikin zobba 26 na duwatsun murjani, waɗanda ake kira atol, kowane zobe da tsibiransa a kewaye da ruwa mai lafawa a tsakiya, sannan tsakanin zobe da zobe akwai mashigin teku mai zurfi da igiyar ruwa.

Wannan tsari shi ke juya komai na tafiyar. Yawancin masu zuwa sukan fara da zaɓen ɗaki saboda hoton da suka gani, sai sun biya kuɗi sannan su tambayi yadda ake isa wurin. A nan ake shiga uku. Ɗakin da ya yi araha a hoto yana iya kasancewa a tsibirin da kuɗin isa gare shi ya ninka kuɗin kwana uku. Don haka a Maldibs hanya ake fara dubawa, masauki ya biyo baya.

Mataki na farko: san irin tsibirin da za ka

Iri biyu ne, kuma dokokinsu da hanyoyinsu sun sha bamban. Akwai tsibirin shaƙatawa, inda otal guda ya mamaye tsibiri sukutum, babu kowa sai baƙi da ma'aikata. Irin wannan ya fara ne a 1972 da buɗe Kurumba kusa da babban birni. Idan nan za ka, otal ɗin ne zai shirya ɗaukarka, shi zai yanke kuɗin, kuma ba ka da zaɓi. Jirgin haya na jama'a ba ya tsayawa a tsibiran shaƙatawa ko da zai wuce ta gabansu.

Na biyu shi ne tsibirin da 'yan ƙasa ke zaune, mai masallaci da makaranta da shaguna. Tun daga 2009 aka ba da izinin buɗe gidajen baƙi a irin waɗannan tsibirai, kuma shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma yake iya zuwa yau. Maafushi da Gulhi da Guraidhoo suna kudu da Male, babban birnin ƙasar. Thulusdhoo da Dhiffushi da Himmafushi suna arewa da shi. Rasdhoo da Ukulhas da Thoddoo suna yamma, ta ɓangaren arewacin atol ɗin Ari, Dhigurah kuma a kudancinsa. A nan kai ne za ka zaɓi hanya, kai ne kuma za ka ɗauki nauyin kuskure idan an yi.

Wani abu da ke rikita baƙo: sunan tsibiri ɗaya yakan maimaitu a atol daban-daban. Akwai Guraidhoo a Kaafu, akwai wani a Thaa. Akwai Gan a Addu, akwai wani Gan a Laamu, da tazarar ɗaruruwan kilomita a tsakaninsu. Maalhos ma biyu ne, ɗaya a Baa ɗaya a Alif Alif. Shi ya sa 'yan ƙasar ke saka harafin atol a gaban suna, kamar K. Guraidhoo da Th. Guraidhoo. Duk lokacin da za ka sayi tikiti ko ka kama ɗaki, duba wannan harafi, kuma ka rubuta sunan yadda suke rubuta shi, harafi da harafi.

Mataki na biyu: tikitin jirgin sama, da lokacin saukarsa

Kusan kowa yana shiga ta filin jirgin sama na Velana, wanda ke kan tsibirin Hulhule dab da Male. Manyan hanyoyin isa su ne ta Dubai da Abu Dabi da Doha da Istanbul da Kolambo, da kuma wasu biranen Indiya. Daga Dubai kimanin awa huɗu ne, daga Doha ya ɗan ɗara haka, daga Istanbul wajen awa takwas, daga Kolambo awa ɗaya da rabi.

Kafin ka dubi farashin tikiti, dubi ƙarfe nawa jirgin zai sauka. Ƙasar tana kan layin da ya raba duniya biyu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma yawancin zirga-zirgar teku da rana ake yin ta. Jirgin da ya sauka da safe, ko kafin azahar, ya buɗe maka duk hanyoyi. Wanda ya sauka bayan la'asar ya rufe maka jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ya rufe jirgin fito na gwamnati, ya bar ka da kwale-kwalen inji na ƙarshe idan ka yi sa'a. Tikitin da ya fi araha da dala hamsin amma zai sauke ka ƙarfe tara na dare ba araha ba ne, domin za ka biya kwana ɗaya a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgi, ga kuma kwanan da ka riga ka biya a tsibirin da ba ka isa ba.

Haka ma a komawa. Idan jirginka zai tashi da sassafe, kafin tara, to ka ɗauka cewa kwanan ƙarshe a kusa da filin jirgi za ka yi shi. Hulhumale tsibiri ne da aka cike teku aka gina, yana haɗe da filin jirgin ta hanyar mota, minti goma zuwa sha biyar, kuma cike yake da ƙananan otal-otal da aikinsu ke nan.

Sai ranar Juma'a. Hutun mako a Maldibs Juma'a da Asabar ne. Jiragen fito masu zuwa tsibirai ba sa aiki ranar Juma'a, kwale-kwalen inji na haya ma sukan rage zirga-zirga, su tsaya cik lokacin salla. In da hali, kada ranar isowarka ko ta tafiyarka ta faɗa Juma'a matuƙar tsibirin jama'a za ka. Mai zuwa tsibirin shaƙatawa wannan bai shafe shi ba.

Mataki na uku: takardu

Ana ba 'yan yawon buɗe ido biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi. Abin da jami'in shige da fice zai nema shi ne fasfo mai sauran wa'adi, tikitin komawa ko na wucewa wata ƙasa, da shaidar kama ɗaki a masaukin da ke da rajista. Ya fi kwanciyar hankali fasfo ya kasance da sauran wata shida, domin kamfanin jirgi ko ƙasar da za ka yada zango suna iya neman haka. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya bi ta cikinta, sai ya riƙe katin allurar rigakafinta.

Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da kowane matafiyi zai cike a cikin awa 96 kafin isowa. Kyauta ne, a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar. Akwai shafukan 'yan damfara da ke kwaikwayonsa suna karɓar kuɗi, don haka duk inda aka nemi katin banki a kan wannan fom, ka fita. Idan ka gama za a ba ka alamar da ake dubawa da na'ura. Ɗauki hotonta ka ajiye a waya, kada ka dogara da samun intanet a layi.

Kwastam suna haska kaya. Giya da naman alade da gumaka an hana shigo da su, kuma tun ƙarshen 2024 an hana shigo da sigarin lantarki. Mai jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ya nemi izini tun kafin ya taso, sannan otal-otal da yawa sun hana tashinsa a tsibiransu. A fita kuma ba a ɗaukar murjani ko ƙwanson kunkuru.

Mataki na huɗu: awa ɗaya ta farko a filin jirgi

Kana fitowa, yi abu uku kafin ka kusanci ruwa. Sayi layin waya: kamfanoni biyu ne, Dhiraagu da Ooredoo, duka suna da shago a wurin, kuma suna da layin baƙi mai data. Kusan duk hulɗa da masu kwale-kwale da masu masauki ta WhatsApp ake yi, canjin lokaci ma ta nan za a sanar da kai. Sannan nemi kuɗin ƙasar, rufiya. Farashin banki wajen rufiya 15.4 ne a dala ɗaya. Ba ka buƙatar mai yawa, na jirgin fito da tasi da shayi ya isa, domin gidajen baƙi da masu fita da mutane yawon teku da dalar Amurka suke lissafi. Dalar ta kasance sabuwa fes. Wadda ta yage ko ta yi tabo ko tsohon bugu sau da yawa ba a karɓa. Ajiye rasit ɗin canji idan kana son mayar da ragowar rufiya. Na uku, nemi wakilin masaukinka. Otal-otal suna da kantoci masu lamba a zauren fitowa, gidajen baƙi kuma sukan turo mutum riƙe da allo.

Duba agogonka ma. Ƙasar tana gaban agogon GMT da awa biyar, amma otal-otal da yawa suna tura nasu agogon gaba da awa ɗaya domin yamma ta yi wa baƙi tsawo. Idan aka ce maka jirgi zai tashi ƙarfe bakwai, tambaya: bakwai na Male ko na tsibiri?

Hanyoyi huɗu na isa tsibiri

Kwale-kwalen inji shi ne dokin ƙasar. Yana ɗaukar mutum ashirin zuwa arba'in, da injuna biyu ko uku ko huɗu a baya. Zuwa Maafushi minti 30 zuwa 45 ne, kuɗin kujera wajen dala 25. Thulusdhoo ma kusan haka. Rasdhoo da Ukulhas sun haura awa ɗaya, Dhigurah wajen awa biyu, kuɗin yana ƙaruwa da nisa. Wasu suna tashi daga bakin filin jirgi, wasu daga kwatar Male, wasu kuma su fara daga Male su biyo ta filin jirgi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka aika wa mai masaukinka lambar jirginka da lokacin saukarsa kwana biyu ko uku kafin tafiya, shi ya kama maka kujera. Ya san wanda ke tashi a kan lokaci da wanda ba ya yi, kuma idan jirginka ya yi jinkiri shi zai mayar da kai na gaba. Bar tazarar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin saukar jirgi da tashin kwale-kwale, saboda layin shige da fice yakan yi tsawo idan manyan jirage sun sauka a jere da safe.

Wurin zama a cikinsa ba ƙaramin abu ba ne. Goshin kwale-kwale shi ke tashi ya faɗo a kan igiya, duk wanda ya zauna gaba zai ji shi a ƙashin bayansa. Tsoho da mai juna biyu da mai ciwon baya da ƙananan yara su zauna can baya kusa da inji. Akwai ƙara da warin fetur, amma nan ne jijjiga ta fi sauƙi. Mai saurin jiri ya sha maganin tashin zuciya rabin awa zuwa awa ɗaya kafin hawa, domin bayan amai ya taso maganin ba ya amfani. Kada ya duƙufa kan waya, ya kafa ido a can inda teku ya haɗu da sama. Akwatuna ana jibge su a gaba ko a baya, ruwa yana fantsama, don haka fasfo da waya da kwamfuta su kasance a jakar hannu cikin leda mai ɗaurewa. Kana zama ka duba inda rigar ceto take, ka tabbatar akwai ta yara idan kana da su.

Idan ka rasa na haya, akwai ɗaukar shata, amma kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne ko da tafiyar gajera ce. Sai dai idan kuna da yawa ku raba.

Jirgin fito na gwamnati, wanda kamfanin MTCC ke gudanarwa, shi ne mafi araha. Babban jirgin katako ne irin wanda suke kira dhoni, mai benci da rufi, yana tafiya a hankali. Zuwa Maafushi kimanin awa ɗaya da rabi ne a kan kuɗin da bai wuce dala biyu zuwa uku ba, ana biya da rufiya. A ciki za ka zauna da mata masu dawowa daga asibiti, da kwalayen kaya, da buhunan shinkafa, wani lokaci har da babur a ɗaure a gefe. Ga mai lokaci, wannan ita ce hanya mafi daɗi ta ganin ƙasar, kuma bai cika jijjiga mutum kamar kwale-kwalen inji ba. Matsalarsa jadawali. Tsibiran kusa sau ɗaya a rana yake zuwa, na nesa kamar Rasdhoo sau biyu ko uku a mako, tafiyar awa uku zuwa huɗu. Ba ya tashi daga filin jirgi; sai ka shiga Male tukuna, kuma tashoshin ba ɗaya ba ne. Akwai tasha a arewa maso gabashin birnin, akwai tashar Villingili a kudu maso yamma. Tambayi mai masaukinka wace tasha ce, wace rana, ƙarfe nawa, a makon da za ka yi tafiyar, domin jadawalin da ke yawo a intanet yawancinsa ya tsufa. Idan teku ya yi fushi ana soke tafiya ba tare da dogon bayani ba. Saboda haka kada ka taɓa ɗora jirginka na komawa gida a kan jirgin fito na ranar.

Tun daga 2022 gwamnati ta fara wani tsari mai suna RTL, na jiragen fito masu gudu, wanda ya fara daga atol-atol na arewa yana bazuwa. Yana da manhaja ta waya da ake sayen tikiti. Idan kana son tsallakawa tsakanin tsibiran da ke cikin atol guda, duba ko ya iso yankin.

Jirgin sama mai sauka a kan ruwa shi ne abin da aka fi sanin Maldibs da shi. Ƙaramin jirgi ne samfurin Twin Otter mai farfela biyu, yana ɗaukar mutum wajen sha biyar, matuƙansa sau da yawa ba takalmi a ƙafarsu. Trans Maldivian Airways ne babban kamfanin, sai Manta Air da Maldivian. Ba kai ke sayen tikitinsa ba, otal ne, kuma zuwa da dawowa yakan kama daga dala ɗari huɗu zuwa sama a kan mutum ɗaya. Bayan ka karɓi kayanka za a auna su a kantar kamfanin, a ɗauke ka a mota zuwa tasharsa da ke ɗaya gefen tsibirin. Nauyin da aka yarda yawanci kilo 20 ne na akwati da kilo 5 na hannu. Abin da ya haura ana biyan kuɗinsa kilo-kilo, wani lokaci ma akwati ya biyo jirgi na gaba. Shi ya sa magani da kayan sawa na kwana ɗaya su kasance a hannunka.

Dalilin da ya sa ba ya tashi da dare a fili yake: matuƙi da ido yake duba ruwan da zai sauka, babu fitilun titi a teku. Yana aiki daga wajen shida na safe zuwa yamma kafin rana ta faɗi, kuma wanda jirginsa ya sauka bayan uku zuwa uku da rabi da wuya ya samu na ranar. Jadawalinsa ma ba tsayayye ba ne, kullum da yamma ake tsara na gobe bisa ga baƙin da ke shigowa da masu fita. Kana iya jira awa ɗaya, kana iya jira uku, kuma jirgin yana iya tsayawa a otal ɗaya ko biyu kafin naka. Cikinsa akwai zafi da ƙara, babu banɗaki, sai a kewaya kafin a hau. Wani otal jirgin yakan tsaya a bakin gadarsa, wani kuma a kan wani dandamalin katako da ke yawo a tsakiyar ruwa, daga nan ƙaramin jirgi ya kwashe ku. A kan wannan dandamali a riƙe hannun yaro da kyau.

Hanya ta huɗu ita ce jirgin sama na cikin gida, mai sauka a ƙasa. Ƙasar tana da ƙananan filayen jirgi sama da goma sha biyar: Dharavandhoo a Baa, Maamigili a kudancin Ari, Hanimaadhoo a can arewa, Kadhdhoo a Laamu, Kooddoo da Kaadedhdhoo a atol ɗin Huvadhu, Fuvahmulah, da Gan a Addu can ƙarshen kudu. Zuwa Dharavandhoo ko Maamigili bai kai rabin awa ba, zuwa Gan kuwa ya haura awa ɗaya, a hanya ma za ka tsallaka layin tsakiyar duniya. Fa'idarsa ita ce yana tashi da dare, kuma yawanci ya fi mai sauka a ruwa sauƙin kuɗi. Amma saukarsa ba ita ce ƙarshen tafiya ba, sai an ƙara da kwale-kwale zuwa tsibirin da za ka. Tabbatar an shirya wannan guntun tafiyar, domin a ƙaramin filin jirgi da dare babu wanda za ka tare.

Yanayi da abin da yake yi wa hanya

Iska biyu ke mulkin shekara. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, wadda suke kira iruvai: sama garau, teku a kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba sai ta kudu maso yamma, hulhangu, mai ruwan sama da igiya, musamman a watannin farkonta. Ba wai ruwa ake yi dare da rana ba, sau da yawa ya zuba awa ɗaya ya ɗauke. Inda ake jin ta shi ne a mashigin da ke tsakanin atol biyu. Tafiyar Male zuwa Rasdhoo, misali, dole ta ratsa buɗaɗɗen teku, kuma abin da ke zama awa ɗaya cikin nishaɗi a Fabrairu yana iya zama wahala a Yuni. Mai tafiya da yara ko tsofaffi a wannan lokaci ya zaɓi tsibirin da ke kusa da Male, ko ya hau jirgin sama.

Duk da haka damina tana da nata rabon. Daga Yuni zuwa Nuwamba ne manyan kifaye masu faffaɗan jiki da ake kira manta ke taruwa a Hanifaru, cikin atol ɗin Baa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2011. Wanda wannan ya kawo shi ya hau jirgi zuwa Dharavandhoo, wurin yana dab da shi. Babban kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira whale shark kuwa ana ganinsa duk shekara a kudancin Ari, kusa da Dhigurah da Maamigili.

Tsallakawa daga tsibiri zuwa tsibiri

A taswira za ka ga tsibirai biyu kusa da juna ka ɗauka minti ashirin ne. A aikace hanyoyin ƙasar duk Male suke fuskanta. Daga Maafushi zuwa Rasdhoo sai ka koma Male, daga Thulusdhoo zuwa Dhigurah ma haka, kuma kowane sauyi yana cin rabin yini ko yini guda. Mai kwana bakwai kada ya wuce tsibiri biyu. Dabarar ita ce a haɗa tsibiran da ke kan layi ɗaya: Gulhi da Maafushi da Guraidhoo jirgi ɗaya ke bi ta kansu, Himmafushi da Huraa da Thulusdhoo da Dhiffushi ma haka, Rasdhoo da Ukulhas da Thoddoo maƙwabtan juna ne. Sannan a fara da mafi nisa a ƙare da mafi kusa, ta yadda idan teku ya hana tafiya a kwanakin ƙarshe kana wurin da ke da jirage da yawa a rana.

Wanda ke son ɗanɗana tsibirin shaƙatawa ba tare da kwana ba, gidajen baƙi na Maafushi da makamantansu suna shirya ziyarar yini, a kai ka da safe a dawo da kai da yamma. Masu nutso kuma suna da jiragen kwana da ke yawo da su mako guda daga atol zuwa atol. Duk wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya bar awa 24 kafin ya hau jirgin sama, saboda iskar da ta narke a jini tana buƙatar lokaci ta fita.

A cikin tsibiri kansa ba ka buƙatar komai sai ƙafa. Yawancinsu za ka zagaye su cikin rabin awa, titunan yashi ne fari, masauki zai turo amalanke ko ƙaramar mota ta ɗauki kayanka daga kwata. Dogaye irin Dhigurah da Thoddoo akwai hayar keke. Male daban take: cunkoso, tituna matsattsu, babura ta ko'ina. Gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ta haɗa ta da filin jirgi da Hulhumale, akwai tasi da bas, akwai kuma jirgin fito na minti goma daga filin jirgi. Idan kana da 'yan awanni a birnin, je ka ga Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gina da sassaƙaƙƙen dutsen murjani a 1658. A Addu baƙo zai ga doguwar hanyar mota, wadda ta haɗa Gan da Feydhoo da Maradhoo da Hithadhoo. Gan sansanin sojan saman Ingila ne har zuwa 1976. Nan keke ya fi komai.

Tsibiran jama'a garuruwan Musulmi ne. Shaguna sukan rufe na ɗan lokaci idan an kira salla, a watan azumi gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa da rana, jadawalin jirage ma yakan sauya. A cikin gari da cikin jirgin fito ana sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa. Kayan wanka suna da bakin ruwan da aka keɓe wa baƙi.

Lissafin kuɗi kafin ka biya

Farashin da ake nunawa sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin yawon buɗe ido kashi 17 tun daga Yulin 2025, sannan harajin muhalli na kowane mutum a kowane dare: dala 12 a otal-otal na shaƙatawa, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi. Ɗauki ɗakin dala 100 na mutum biyu a gidan baƙi. Da hidima ya zama 110, da haraji ya zama 128.70, da harajin muhalli na mutum biyu ya kai 140.70. Kuɗin ɗauka daga filin jirgi ma ana iya ɗora masa haraji. Don haka kafin ka tura ko sisi, rubuta wa masaukin ka nemi jimla ɗaya da ta ƙunshi ɗaki da haraji da zuwa da dawowa, su kuma faɗa maka da wane irin jirgi ne, da abin da za a yi idan jirginka ya makara ko teku ya hana tafiya.

Riƙe tsabar kuɗi fiye da yadda kake zato. Ba kowane tsibiri ke da na'urar cirar kuɗi ba, inda take ma rufiya take bayarwa, kuma wasu masaukai suna ƙara wani kaso idan da kati za ka biya. Yi inshorar tafiya da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya, domin ƙananan tsibirai cibiyar lafiya kawai gare su, manyan asibitoci suna Male da Hulhumale, kuma kwale-kwalen gaggawa da tsakar dare yana da tsada ƙwarai.

Ranar komawa

Da yammacin jajibiri ka tabbatar da lokacin tashi daga bakin mai masauki, ka biya duk abin da ake bin ka a daren, kada ka bari sai da safe ana jiran ka a kwata. Lissafa baya-baya: awa uku a filin jirgi kafin tashi, sai tsawon tafiyar teku, sai ƙarin awa ɗaya saboda igiya ko matsalar inji. Idan kwale-kwale biyu ne za su iya kai ka a kan lokaci, hau na farko. Idan kuma ɗaya ne tak, kuma lokacin hulhangu ne, ka taso tun jajibiri ka kwana a Hulhumale.